Ku Tambayi Malamin Gona: Gubar da ba ta san iyakar ƙasa ba

Assalamu alaikum. Wasiƙu huɗu na ware daga cikin waɗanda suka taru mini a wannan watan. Masu su ba su san juna ba, ɗaya yana Kano, ɗaya Gusau, ɗaya Kumasi, ɗaya Maraɗi, amma da na jera su a kan tabarma sai na ga ciwo ɗaya ne ke damunsu. Na taƙaita tambayoyin ba tare da na taɓa ma'anarsu ba. Ta farko ta cinye mini wuri da yawa, sauran ku yi mini afuwa.

Tambaya: Malam, shekara ashirin ke nan ina sayen wake ina ajiyewa a Dawanau. An ce Turawa sun hana shigar da wakenmu ƙasashensu saboda fiya-fiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, su wa suka ƙirƙiro irin waɗannan magungunan in ba su ba? Kuma kullum muna ji a rediyo an tafi taro Geneva a kan sinadarai masu guba. Don Allah me taron nan ya taɓa tsinana mana? *Daga wani ɗan kasuwar hatsi, Kano.*

Amsa: Alhaji, labarin da ka ji gaskiya ne. A tsakiyar shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan masu bincikenta sun yi ta samun sinadarin dichlorvos a cikinsa fiye da kima. Wannan sinadarin shi ne ƙarfin fiya-fiya, shi ne kuma ke cikin Sniper. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a cikin kilo ɗaya na wake. An samu namu da ya kai miligiram 4.6, wato ya ninka ƙa'idar sau ɗari huɗu da sittin. Da farko shekara ɗaya suka yanka, a 2016 suka ƙara uku, a 2019 suka sake ƙarawa.

Kuɗin da aka rasa yana da yawa, amma ni wani abu ne daban ya hana ni barci lokacin da na ji labarin. Waken da aka kai can an gwada shi, an ƙi shi. Ɗan'uwansa da ya rage a gida, wanda suka kwana sito ɗaya aka zuba musu magani ɗaya, shi ne aka auna mana a mudu, aka yi ƙosai da alala da shinkafa da wake, yara suka ci suka tafi makaranta. Shi babu wanda ya gwada shi.

Ƙorafinka a kan Turawa yana da tushe, ba zan kare su ba. Tun 2007 suka cire dichlorvos daga jerin magungunan da manominsu zai fesa wa amfanin gona. To amma dokar da ta hana manomin Turai amfani da wani magani ba ta hana kamfanin Turai ya haɗa shi ya sayar wa ƙasashen waje ba. Wani bincike da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan da 'yan jaridar Unearthed suka fitar a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2018 kaɗai, kamfanoni sun ba da sanarwar fitar da sama da tan 80,000 na magungunan feshin da aka haramta a gonakin Turai. Abin da ka ce ba zai taɓa abincin ɗanka ba, ka ɗora shi a jirgi ka aika wa ɗan wani: wannan ba adalci ba ne, kowane suna aka ba shi. Faransa ta kafa dokar hana irin wannan ciniki daga 2022, Beljiyam ma ta bi sahu. Sai dai in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka: yawancin gorunan da ke jere a kan teburin mai sayar da magani a kasuwanninmu yau daga Sin da Indiya suke zuwa, wasu kuma a nan gida ake haɗa su. Fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalaben allura, ita kam a lungunanmu ake ɗura ta.

Yanzu ga maganar taro. Bari in ba ka labarin Koko.

Ina sabon ma'aikaci a shekarar 1988 labarin ya ɓulla. Koko ƙaramar tashar jiragen ruwa ce a tsohuwar jihar Bendel, yau tana cikin jihar Delta. Wani ɗan kasuwa daga Italiya ya yi ta shigo da dubban gangunan ƙarfe yana jibgewa a filin wani bawan Allah, yana biyansa haya kimanin dala 100 a wata. Kusan tan 3,800 na sharar masana'antu ce mai guba. Gangunan suna zaune a rana da ruwan sama, wasu sun kumbura, wasu sun fashe suna tsiyaya. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can suka aiko gida, asiri ya tonu. Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Roma, ta kama wani jirgin ruwan Italiya a Legas, har sai da Italiya ta yarda ta kwashe kayanta. Leburorin da suka yi aikin lodin wasunsu sun ƙone, wasu sai da aka kwantar da su a asibiti. Jirgin da ya ɗauki kayan, mai suna Karin B, ya yi ta yawo a teku, ƙasashen Turai da dama har da Ingila suna korarsa daga tashoshinsu, kafin daga ƙarshe ya koma Italiya. Ka ga abin da aka ajiye kusa da gidajen mutanen Koko, Turawa ko tsayawa a bakin ruwansu ba su yarda ya yi ba.

A shekarar nan Najeriya ta kafa doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta farko, FEPA. NESREA da kake ji yau, wadda aka kafa a 2007, magajiyarta ce. A watan Maris na 1989 kuma ƙasashen duniya suka amince da Yarjejeniyar Basel a Suwizalan, ta fara aiki a 1992. Abin da ta ƙunsa a taƙaice: ba a kai wa wata ƙasa shara mai haɗari sai an sanar da ita a rubuce ta kuma yarda a rubuce, kuma wanda ya kai ta ɓarauniyar hanya dole ya dawo ya kwashe. Ƙasashen Afirka suka ga wannan ya yi sassauci, domin talaka in ka nuna masa kuɗi zai iya sa hannu a kan abin da zai kashe shi. Sai suka taru a Bamako a 1991 suka yi tasu yarjejeniyar, wadda ta haramta shigo da irin wannan shara nahiyar kwata-kwata. A 1995 aka yi wa ta Basel gyara don hana ƙasashe masu arziki aika sharar zuwa ga matalauta, amma gyaran bai fara aiki ba sai a Disamban 2019. Shekara ashirin da huɗu ana jiran sa hannu. A tsakanin nan, a 2006, wani jirgi mai suna Probo Koala ya sauke dattin sinadarai a Abidjan, aka bi dare aka zubar a unguwanni. Hukumomin ƙasar suka ce aƙalla mutum 15 sun mutu, kimanin 100,000 suka nemi magani. Takarda ita kaɗai ba ta tare jirgi, sai da ma'aikacin kwastan mai gaskiya da na'urar gwaji a tasha.

Wadda ta fi shafar sana'arka ita ce Yarjejeniyar Rotterdam ta 1998, wadda ta fara aiki a 2004. Tana da jerin sinadarai sama da hamsin, yawancinsu magungunan ƙwari. Duk wanda ya shiga jerin, ana raba wa kowace ƙasa bayanin illarsa, a tambaye ta: kin yarda a kawo miki, ko ba ki yarda ba? In ta ce a'a, wajibi ne ƙasar da ke sayarwa ta hana kamfanoninta aikawa. Ba haramci ba ne, haƙƙin sani ne da haƙƙin ƙi. Rauninta kuwa shi ne ba a shigar da sabon sinadari sai kowa da kowa ya yarda, don haka ƙasashe biyu ko uku masu sayar da abu suna iya riƙe ƙafar duniya duka. Asbestos ɗin da ake yin kwanon rufi da silin da shi, tun 2006 ake kawo maganarsa ana watsewa ba a cimma matsaya ba. Maganin ciyawan nan paraquat, wanda Turai ta haramta tun 2007, wanda kuma har yau babu makarinsa in mutum ya sha, shi ma ya shekara fiye da goma ana ja-in-ja a kansa. Amurka kuwa ba ta kammala shiga ta Basel ko ta Rotterdam ba har yau.

Inda na ga amfanin taro da idona shi ne Yarjejeniyar Stockholm ta 2001. Ita tana magana ne a kan sinadaran da ba sa ruɓewa, waɗanda ke shekaru a cikin ƙasa da ruwa, su taru a kitsen kifi da na dabba, su gangaro har cikin nonon uwa. Da guda 12 aka fara, cikinsu akwai aldrin da dieldrin da DDT, ko da yake an bar ƙofar amfani da DDT don yaƙi da sauron zazzaɓin cizon sauro. A 2009 aka ƙara lindane, wanda muka sani da gamalin. Alhaji, da hannuna na raba wa manoma hodar wanke iri ta Aldrex T, mai aldrin a ciki. Ina tuna yadda nake zuba ta a ƙwarya in cakuɗa da irin dawa da tafin hannuna, ina nuna musu yadda ake yi, sannan a kawo fura a sha. Haka aka koya mana, haka muka koyar. Na kuma ga tafki da safe ya yi fari fat da cikin kifi bayan an zuba masa gamalin da dare, mata da yara suna tsinta a kwando ana murna. Yau waɗannan magungunan sun ɓace daga shagunan da ke da rajista, kuma dalilin ɓacewarsu shi ne masana'antun da ke yin su a duniya sun daina. Ƙasa ɗaya ba za ta iya wannan ita kaɗai ba. In ta rufe ƙofarta za a shigo ta taga. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

To amma duk waɗannan yarjejeniyoyi iyakarsu bakin tasha da ofishin rajista. Ba sa shiga sitonka. A wani ƙauye da na yi aiki, wani magidanci ya sa ƙwayar nan ta hayaƙi da ake kira bom a cikin buhunan wakensa, ya jera su a ƙuryar ɗakin da matarsa da 'ya'yansa ke kwana, saboda tsoron ɓarayi. Lokacin sanyi ne, an rufe ƙofa da taga. Ƙwayar nan in ta sha danshin iska takan saki iskar gas mai kisa, buhun da aka saƙa kuma ba ya riƙe ta. Da asuba yara biyu ba su tashi ba. Na je gaisuwa, uban ya riƙe hannuna yana cewa, Malam, wallahi ba wanda ya gaya mini. A takarda aka ƙunso masa ƙwayoyin a kasuwa, babu gwangwaninsu, babu rubutu. Na fi shekara ashirin ina ɗauke da maganar nan tasa.

Saboda haka ga shawarata. Tun Satumban 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Dama can ba a yi shi don zubawa a cikin abinci ba. Ka koma ga buhun PICS, mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na arewacin Kamaru suka faro binciken, aka gwada shi sosai a Nijar, aka fara yaɗa shi a yankinmu daga 2007, kuma a nan Kano ma ana yin sa. Ka busar da waken sosai, ka duba ledar ba ta huje ba, ka matse iska, ka ɗaure kowane ninki daban. Ƙwaron da ke ciki zai shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu da kansa. Buhun ya fi na gargajiya tsada, amma in ɓera bai huda shi ba yakan yi shekara biyu ko uku, kuma ba ka sayi ko cokali ɗaya na magani ba. Gangar ƙarfe mai murfi mai kyau, wadda ba a taɓa zuba sinadari a cikinta ba, ita ma tana yin wannan aikin.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne, kuma 'yan'uwana da dama suna aikin haƙar zinare. Ina ƙarami aka yi mutuwar yara saboda gubar dalma a jiharmu. Shin akwai wata yarjejeniyar duniya da ta taimaka a lokacin? *Daga wani ɗalibi, Gusau.*

Amsa: Ɗana, Allah Ya jiƙan yaran nan. Yarjejeniyoyin da na lissafa a sama babu wadda ta shafi abin da ya faru a Zamfara, domin dalmar ba jirgi ne ya kawo ta ba, a cikin dutsen ƙasarmu take tare da zinaren. Taimakon da ya zo wani iri ne daban, na mutane da na'urori.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, suna zagayen sa ido a kan sanƙarau, suka lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka, irin su 'Yargalma da Dareta. Yaro zai kama amai da jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓi, ba sauƙi. Da aka aika jini waje aka gwada, sai ga dalma ta wuce duk wani ma'auni. Ana kawo dutsen cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da Hukumar Lafiya ta Duniya suka aiko masana; wani kamfanin injiniyoyin muhalli mai suna TerraGraphics tare da Cibiyar Blacksmith suka jagoranci kankare ƙasar saman gidaje ana binnewa a rami, ana zubo sabuwa, kuma mutanen ƙauyukan ne suka yi aikin da hannunsu. Akwai maganin da ke jawo dalma daga jini, amma likitoci ba sa fara ba yaro sai an share gidansu, domin in ya koma cikin ƙurar an yi aikin banza. Wannan ne ya sa yaran Bagega suka jira har 2013 kafin a saki kuɗin share garinsu. A 2015 kuma irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Inda duniya ta haɗa kai a kan dalma ta ci nasara shi ne man fetur. Shekara da shekaru ana zuba ta a fetur, kowa yana shaƙa a titi. Aka kafa gamayyar ƙasashe da kamfanoni a 2002, aka bi ƙasa bayan ƙasa, har Aljeriya, wadda ita ce ta ƙarshe, ta daina sayar da shi a 2021.

Abin da ke da yarjejeniya a aikin 'yan'uwanka shi ne zaiba, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli da ake kama zinare da shi. Minamata gari ne na masunta a Japan, inda wata masana'anta ta daɗe tana zubar da ruwa mai zaiba a teku. Kyanwoyin garin aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa ruwa, daga baya mutane suka fara rawar jiki, harshe ya karye, aka haifi yara da naƙasa. A 1956 aka tabbatar da cutar. Yarjejeniyar da aka sa wa sunan garin an amince da ita a 2013, ta fara aiki a 2017, kuma Najeriya da Nijar da Gana duk suna ciki. Ba ta haramta haƙar zinare ta gargajiya ba, ta dai wajabta wa ƙasar da ake yin ta sosai ta tsara yadda za ta rage zaibar, musamman ƙona ta a fili ko a cikin gida. Wannan sana'ar ita ce ta fi kowace sakin zaiba a iskar duniya. Ka gaya wa 'yan'uwanka: dutse kada ya shigo gida, a niƙa shi da ruwa a wajen gari, a yi wanka a sauya kaya kafin a ɗauki yaro, kuma kada a ƙona curin zinare da zaiba a murhun da ake girki. Hayaƙin ba ya da wari, shi ya sa ake raina shi.

Tambaya: Malam, surukata ta ce dole in riƙa sa wa jaririyata kwalli don idonta ya yi haske, ni kuma wata ma'aikaciyar asibiti ta hana ni. Sannan man da nake shafawa na ƙara hasken fata, an ce akwai guba a ciki. Wanne zan ɗauka? *Daga wata uwa, zangon Kumasi.*

Amsa: Hajiya, ki ɗauki maganar ma'aikaciyar asibiti, ki kuma lallashi Inna da ladabi, domin ita ma alheri take nufi. Na san darajar kwalli a wurinmu, ta ado da ta addini, ba kuma ita nake taɓawa ba. Matsalar ita ce dutsen da ake sayarwa da sunan kwalli sau da yawa dutsen dalma ne, kuma ido ba ya iya bambancewa. A 2012 cibiyar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa. Da aka bi diddigi, sai aka gano kwallin da aka sayo masa daga gida kashi 82.6 cikin ɗari dalma ne. Rahoton ya ambaci sunayensa har da namu, tozali da kwalli. Jariri yakan murza ido ya kai yatsa baki, ta nan take shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira shi marar illa, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, ɓarnar da ba ta fitowa sai yaro ya shiga makaranta an ga karatu yana yi masa wuya.

Man shafawa kuwa, wasu daga cikin masu sa fata ta yi fari da sauri da zaiba ake haɗa su. Yarjejeniyar Minamata ta fara da ƙayyade ta, sannan a taron 2023 aka yanke cewa bayan 2025 ba a yarda a yi ko a yi cinikin kayan kwalliyar da aka zuba wa zaiba ba ko kaɗan. Tana lalata ƙoda, tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono, tana kuma maƙalewa a tawul da zanin gado. Man da aka haɗa aka zuba a roba babu suna babu jerin abin da ke ciki, ki rabu da shi tun kina shayarwa.

Tambaya: Malam, ina sayar da maganin feshi. Yawancin kayana daga Najeriya nake sarowa, rubutun jikinsu da Ingilishi, masu saye kuma ko Faransanci ba kowa ke karantawa ba. Jami'ai sun ce kayan ba su da lambar CSP. Mece ce ita, kuma yaya zan gane mai haɗari? *Daga wani mai shago, Maraɗi.*

Amsa: Ɗan'uwa, jami'an nan suna kan gaskiya. CSP kwamiti ne na ƙasashen Sahel da ke ƙarƙashin CILSS, ƙungiyarsu ta yaƙi da fari; aikinsa tantance magungunan feshi, mazauninsa Bamako. Tun shekarun 1990 ƙasashe irin su Nijar da Cadi da Mali da Burkina Faso da Senegal suka ga kowaccensu ba ta da isassun masana da ɗakunan gwaji, sai suka haɗa ƙarfi: kwamiti ɗaya ya duba magani, in ya amince ya ba shi lamba, lambar ta yi aiki a dukkansu. A ganina wannan yana cikin mafi kyawun haɗin kan da yankinmu ya taɓa yi, kuma kaɗan ne suka san da shi. Najeriya ba ta cikin wannan tsarin, tata rajistar ta NAFDAC ce, kuma lambar NAFDAC ba ta aiki a Nijar. Ka nemi jerin magungunan da CSP ta amince da su a ofishin kare tsirrai na jiharku, ka riƙa saro kaya da shi a hannu.

Gane mai haɗari kuwa ba ya bukatar Ingilishi ko Faransanci, an yi wannan tanadin tuntuni. Ka dubi gindin takardar da ke jikin gorar, akwai zirin launi. Bisa tsarin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya, ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Kore ma guba ne, sauƙinsa dai ya fi. Akwai kuma alamomi tara da duniya ta amince da su, aikin da aka faro bayan taron Rio na 1992 aka fitar a 2003: zane baƙi a cikin murabba'i mai jan baki da ke tsaye a kan kusurwarsa. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu na nufin kaɗan ya isa kisa. Harshen wuta, yana kamawa da wuta. Mataccen kifi da busasshiyar bishiya, kada ya kusanci rafi ko tafki. Hoton mutum da tauraro a ƙirji, illarsa a hankali take zuwa, kamar ciwon daji ko lalacewar huhu. Ka nuna wa kowane mai saye waɗannan da yatsa, minti ɗaya ya isa.

Roƙona gare ka guda biyu ne. Kada ka tsiyaya magani a gorar lemo ko ta ruwa don mai ƙaramin ƙarfi ya samu na ɗari biyu. Duk aikin da aka yi daga Geneva har Bamako a jikin takardar nan yake, in ka raba maganin da ita ka sayar da guba marar suna, a gorar da yaro ya saba sha. In mutane uku ba su da kuɗin gora ɗaya, su haɗa su saya su fesa rana ɗaya. Gorar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan a cikin famfon feshi, a huda gindinta don kada ta koma jarkar man gyaɗa ko ta kunu.

Na biyu, ka koya wa masu sayenka abin da za su yi in tsautsayi ya faɗa. Irin su dichlorvos alamarsu ita ce yawu yana dalala, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, numfashi yana sarƙewa. A cire wa mutum kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa. Kada a ɗura masa manja ko nono, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Aman yana iya komawa huhu. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, kuma a tafi da gorar maganin a hannu, domin sunan da ke jikinta ne zai gaya wa likita allurar da zai ɗauko.